A Mayar Mini da Lolo Cikin Jawabina

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Ilimi na Lardi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina taya ka murnar samun 'yancin kai da ke tafe. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku, mutuniyar Lolo ta ƙasar Bagudo. Ko a aji ba na iya ɗaga murya, sai ga shi ni aka zaɓa in yi jawabi kan ƙaurar mutanen duniya ranar biki! Don murna har na kasa cin tuwo. Amma jawabin ya dawo daga ofishinka an soke rabinsa da jan alƙalami.

Na ɗaya, an bar mini Turawa da Japanawa da suka kwarara Barazil, da waɗanda suka komo daga can bayan bauta suka zauna Ikko. Na gode.

Na biyu, an soke wurin da ya fi faranta mini rai. Malamarmu ta labarin ƙasa ta ce idan fari ya yi tsanani a arewa maso gabashin Barazil, manoma kan cika manyan motoci su nufi biranen kudu, wasu kuma su koma gida da zarar sun ji an yi ruwa. Na kusa yin tsalle a kan benci. Ai wannan cin rani ne! Haka yayana yake ƙetarawa Dahome bayan an kai gero rumbu, ya yi dako, ya komo da ruwan shuka. Ashe mu ma muna cikin labarin duniya! Na sa cin ranin mutanen Lolo cikin jawabina, sai aka rubuta a gefe wai wannan ba ƙaura ba ce, tunda ba ta cikin littafi. Ranka ya daɗe, manomin Barazil ya hau mota, namu ya shiga jirgin kwale-kwale. Ban ga wani bambanci ba.

Na uku, an ce bai dace a ambaci wata ƙasa a ranar tutarmu ba. To, Barazil fa? An yarda in faɗi ƙasar da ke bayan teku, an hana ni Dahome wadda muke jin carar zakaranta.

Gwaggona tana aure a can ƙetare. Ita ta yaye ni, ita ta lallashi babana ya bar ni karatu. Ta aiko cewa za ta zo, har ta ɗinka sabon zane. Ba ta jin Turanci ko kaɗan. A duk jawabin nan kalma ɗaya za ta gane, wato Lolo, ita ce kuwa aka soke.

Ina roƙo a mayar mini da abin da aka cire. In lokaci ne ya yi kaɗan, a rage Turawan, ba wanda zai zo daga cikinsu ya saurare ni.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci.

Wassalam.

'Yarka mai biyayya,
Hadiza