Hajiya Ta Koma Shiga Ruwa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin can? Ina fatan Anti Maryam da yara suna lafiya.

Kwamin iyon da ka gina wa Hajiya saboda ciwon gwiwarta ya yi kore, ta daina shiga, har ta koma salla a zaune. Na ɗauko mai gyara daga Yelwa, Malam Bulus. Na ce ko sabon inji za mu saya, ya ce, "A'a, yashin matatar ne ya toshe." Ya canza shi, ya koya mini wanke ta.

Jiya a tsaye Hajiya ta yi la'asar, tana ta sa muku albarka, kai da shi.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Zainab