Zuwa Ga Yayata Da Ta Sa Aka Kori Bih

Yaya Rahila,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya a Ingila, ke da tsofaffin da kike kula da su. Na rubuto miki a nan inda kowa zai gani, tunda kin daina ɗaukar wayata, kuma a bainar jama'a kika fara.

Kin san aikina. Tun da na bar asibiti nake koyar da matan da rikici ya koro daga Kamaru, a ɗakin taron cocinmu na Kona. Ina koya musu juya mara lafiya, yi masa wanka a kan gado, da ba shi abinci ba tare da ya ƙware ba. Da jikina suke gwaji. Ni nake kwanciya a tabarma su ɗaga ni.

Bih tana cikinsu. Ta shigo Jalingo da 'ya'ya biyu, ko "sannu" ba ta iya ba. Da ɓarin jikin Baba ya shanye, ita na kai masa gidansa a Nukkai ta yi jinyarsa. Hausarta a karye, tana ce masa "Baba, ki sha kunu," shi kuma yana dariya da rabin baki, yana sha.

Sai kika gan ta a waya tana goge masa baki. Ba ki tambayi sunanta ba. Kika kira Kawu a Sunkani, ya zo ya sallame ta ina wurin aiki. Bai ishe ki ba, kika rubuta a zauren matan coci na waya cewa baƙin nan ba a san asalinsu ba, kowa ya kula da kayansa. Gidaje uku suka maido mini ɗalibaina a satin.

Me ta ɗauka, Yaya? Faɗi abu ɗaya.

Ke da kika sauka ƙasar mutane da akwati guda. Ke da kika kira ni kina kuka ranar da wata tsohuwa ta tofa miki yawu ta ce ki koma inda kika fito. Wani ne ya koya miki wannan aikin a can, wani ya yarda da ke ya buɗe miki ƙofarsa.

Yarinyar da Kawu ya kawo a madadin Bih ba ta san ana juya mara lafiya ba. Bayan Baba ya yi gyambo. Na je na roƙi Bih, ta ce ba za ta koma gidan da aka kira ta ɓarauniya ba, kuma ban ga laifinta ba. Na rufe ajin, na tare a Nukkai. Mata goma sha ɗaya suna zaune suna jirana.

Ban manta ke kika goya ni ba, kuma na san kewar Baba ce take cin ki. Yana jin muryarki a waya sai ya juyo da kai. Amma ki koma zauren nan ki janye maganarki, ki ambaci sunan Bih. Kafin nan, kada ki ƙara tambayata jikinsa ta bakin Kawu.

Allah ya ba Baba sauƙi. Allah ya tsare ki a inda kike baƙuwa, kada ya haɗa ki da 'yar mai gida irinki.

Ƙanwarki,
Saratu