Igiyar Majigi a Bakin Teku

Montevideo, Janairu

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba? Yaya 'yata Yelitza? Ni lafiyata ƙalau.

A nan yanzu lokacin zafi ne, na samu aikin bazara a majigin da ake nunawa kyauta a bakin teku. Allon na roba ne, hura shi ake yi, ni nake riƙe igiyarsa kada iska ta kayar da shi. Hannuna ya ɗan yi kanta, amma ba komai. Shugabanmu Don Walter ya san aikin jarida nake yi a gida, shi ya sa yakan ce, "'Yar jarida, ja igiya, rahoto ya jira."

Daga inda nake tsayawa ba na ganin fim, sai fuskokin 'yan kallo. Jiya an sa wani tsohon fim na barkwanci, wata yarinya sa'ar Yelitza ta yi ta ƙyaƙyata dariya a cinyar uwarta.

Aikin zai ƙare a Maris, don haka ba zan iya ɗauko Yelitza bana ba kamar yadda na yi mata alkawari. Kada ki gaya mata, Mama. Ranar Lahadi ki miƙa mata waya, ni zan faɗa mata da bakina.

Allah ya ƙara muku lafiya.

'Yarki,
Marielba