Sun Zo Gaida Kwamfuta

Agege, Legas.

Zuwa ga 'yata Bilkis,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Yusha'u da yara da mutanen Maraɗi baki ɗaya. Ni ga ni nan, sai gwiwa.

Tun rasuwar uwarku ba wanda ya ƙara neman ra'ayina a kan komai. Na daɗe da abin nan a cikina. A waya katse ni kuke yi, shi ya sa na rubuto, ko da rubutun nawa zai ba ki wahala.

Kin ga na daina kiranki ta kwamfutar da kika aiko mini. Ba fushi na yi da ke ba, yayyenki ne. Tun da suka raba shago, Shafi'i ya koma Mushin, Mu'az ya tsaya Abule Egba, ba sa haɗa hanya. Wai a kan abin da ke tafiyar da kwamfuta. Shafi'i ya ce Windos, ta kamfani ce, in ta ba da matsala akwai wanda za ka nema. Mu'az ya ce Linuks, kyauta ce, cikinta a buɗe, kowa ya duba ya gyara.

To, Shafi'i zai zo ya gaishe ni a tsaye, ya zauna gabanta, ya share na ƙaninsa ya sa nasa. In sha wuya in gane inda zan danna fuskarki ta fito. Sai Mu'az ya zo, ya yi tsaki, ya share, ya mayar da nasa, alamar da nake dannawa ta koma wani lungu. Ni da idon nan! Kowa tambayarsa ɗaya, ko ɗan'uwan ya taɓa ta. Iyakar hirar ke nan.

Alhali ni ma ina da abin cewa. A mayankar Oko-Oba na ƙare ƙuruciyata. Ban taɓa yarda da nama ba sai an farke cikin dabbar a gabana na duba hanta da huhu. Nan Mu'az ya yi gaskiya. Amma ban taɓa sayen saniya ba sai da dillalin da zai tsaya mini in ta zama ta sata. Shafi'i ma ba wauta yake yi ba. Na fi karkata ga Mu'az, kar ki gaya masa, kansa zai kumbura. Na so in yi musu wannan bayanin, kowa idonsa na kan allo.

Sai na ɗauke kwamfutar na kulle a akwatin uwarku, na ce duk wanda ya zo ya zauna da ni a tabarma. Bilkis, tun ranar ba wanda ya tako. An yi azumi, an yi salla. Shafi'i ya aiko ɗan okada da shinkafa, Mu'az ya aiko shadda. Ni kuma ina bakin ƙofa ina kallon motocin danfo.

Ba zan fito da kwamfutar ba, ban yi laifi ba. Sai dai an ce 'yarki Nuriyya ta fara tafiya, ban gani ba. Wani lokaci nakan buɗe akwatin, in tsaya, in rufe.

Ke suna jin maganarki. Ki tambaye su, da can wa suke zuwa gaisarwa, ni ko kwamfutar? Ki ba Balarabe direban shanu amsar, shi zai kawo miki wannan. Kar ki ce in yi haƙuri, ba shi na tambaya ba. Ɗaya a cikinku ya amsa mini.

Ki gaida kowa da kowa.

Mahaifinki,
Shitu Mahauci