Rigar da Najiha Ta Ɗinka wa Kwamfuta

Hajiya Ummu Wisam, ki taimake ni don Allah, kuma kafin Juma'a.

Ni mai sayar da dabino ne a kasuwar Ashar, nan Basra. Mutum ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya, na san ko saye ya kawo shi ko ɗanɗano. Amma kwamfutar gidana ta gagare ni. In an kunna ta sai ta nuna tambarinta, ɗigogin nan su yi ta zagaye, sai ɗif, ta mutu ta sake tashi. Haka take yini, kamar mai taya kaya da ke tafiya yana dawowa bai sayi komai ba.

'Yarmu Shahad ce ta saya mana kafin ta bi mijinta Suwidin. Ta haihu, mace, ranar Juma'a za ta nuna mana jaririyar ta kiran bidiyo. Na san za ki ce ga waya. Ciwon suga ya ci idon matata Najiha, a waya inuwa kawai take gani, sai dai a babban allon nan, in ta matso har hancinta ya kusa taɓa shi. Likita kuwa bai yi mana alkawarin idon zai kai baɗi ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Najiha ba ta barin komai tsirara a gidanta: talabijin da rigarsa, injin wanki da tasa, har tukunyar gas. Bana ta ɗinka wa akwatin kwamfutar riga ta karammiski mai kauri, da furannin rumman, da lalube, tana soke yatsa. Rigar ta zauna cif, ko iska ba ta shiga. Da bakinta Najiha ta ce ɗinkinta na ƙarshe ke nan. Tun daga nan na'urar ta fara mutuwa jefi-jefi, har aka zo nan. Ni ba yaro ba ne, na san mai laifi. Amma a gabanta Abu Haidar mai janareton unguwa nake zagi, bawan Allah, har na daina gaishe shi don ƙaryar ta zauna. Mai gyara kuma ya ce a goge komai a sake zubi. Yaya zan cire rigar nan ban karya zuciyar matata ba?

Mai dabino, Basra

Haji mai dabino, da farko ka kai wa Abu Haidar kwandon dabino ka ba shi haƙuri, ko da yake shi ma ba wankakke ba ne: ɗaukewar wuta tsakanin ta gwamnati da tasa ba ta yi wa kwamfuta daɗi. Amma karammiski a zafin Basra, ko kai aka naɗe a ciki sai ka suma.

Zare wuta, cire rigar, buɗe gefen akwatin ka hure ƙurar fankar da ke ciki, sannan ka kunna ka ga ko tana juyawa. In ba ta yi, a canza ta. Cire duk abin da aka soka wa kwamfutar, ka bar allo da madannai kaɗai. In har yanzu tana zagayen, yawan mutuwar ce ta rikita mata ciki. Da ta fara tashi ka danne maɓallin kashewa, ka maimaita sau biyu ko uku har shuɗin shafin gyara ya fito, ka zaɓi gyaran tashi, ko mayar da ita yadda take a baya. Gogewar da mai gyara ya faɗa ita ce dabara ta ƙarshe, kada ka fara da ita.

Sai Najiha. Tausayinka gaskiya ne, amma ido ne ya raunana, ba hankali ba. Matar da ta zauna da ɗan kasuwa tun ƙuruciya ta san muryarsa in yana ƙarya, kuma jikarta ta fi mata karammiski. Ka gaya mata a hankali: riga ta barci ce, in an kashe na'urar ta huce. Ranar Juma'a kuwa ka shimfiɗa rigar a bayan kujerar Najiha, daidai inda kyamara ke kallo. Najiha ta ga jikarta, Shahad ta ga furannin uwarta.

Allah ya raya jaririya, ya ƙara wa Najiha haske.

Ummu Wisam