Boma da Babu Ita a Taswirarku

Zuwa ga Shugaban makarantar sakandaren da 'yata Rabi ke karatu, a nan garin Greensboro, a Amurka.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da malamanka. Kwafin Turanci na wannan wasiƙa yana kan teburinka. Wannan na Hausa saboda iyaye irina ne, domin abin ya shafe mu duka.

Na ɗaya. Malamar tarihi ta ba ajin su Rabi aiki: su rubuta dalilan Yaƙin Duniya na Biyu da yadda Amurka ta shiga, su haɗa da labarin wani nasu da ya yi yaƙin. Rabi ta kawo tarar da aka ɗora wa Jamus bayan yaƙin duniya na farko, da karyewar tattalin arziki, da kwaɗayin Japan na mamaye ƙasashen mutane, da harin Pearl Harbor. Sannan ta ce kakanta ya yaƙi Japanawa a Boma. Malama ta duba taswira, ta ga Boma gari ne a Zaire, ta rubuta da jan biro cewa Japanawa ba su taɓa zuwa can ba, labarin ƙirƙira ne. A gaban aji ta maimaita. Aka yi dariya.

Ranka ya daɗe, Boma ita ce Burma. Haka bakinmu ya iya faɗarta. A garinmu har yau wanda ya je ya dawo ɗan Boma ake ce masa. Yarinyar ta rubuta abin da kunnenta ya ji ne. Tambaya ɗaya da ta warware komai, ba a yi ta ba.

Na biyu. Mahaifina, kakan Rabi, bai san dalilin yaƙin nan ba. Turawan Ingila ne suka ce wa dagaci ya kawo samari, aka ɗauko shi daga gona. Ya dawo da kunne ɗaya a toshe da zazzaɓin da bai rabu da shi ba har kabari. Littafinku na tarihi ya ce masu kwaɗayin ƙasashen mutane ne suka tayar da yaƙi. Gaskiya ne. Amma bai ce waɗanda suka tare su ma suna riƙe da ƙasashen mutane ba, kuma da 'ya'yan waɗannan ƙasashen suka tare su. A aji, yaƙin kamar ranar da aka taɓa Amurka ya fara.

Na uku, don kada in yi zalunci. Malamar nan ba malalaciya ba ce, ita ta gyara wa Rabi Turancinta da muka zo. Kuma ban raina jinin da Amurkawa suka zubar ba. Mahaifina da kansa yakan ce da jiragensu ba su riƙa jefo musu abinci da laima a dajin Boma ba, da yunwa ta riga harsashi. Ya mutu yana yi musu addu'a. Shi ne yau aka mayar maƙaryaci a ajin jikokinsu, alhali yaron unguwar masu kuɗi ta Irving Park da ya kawo hular sojan kakansa tafi aka yi masa.

Ba maki nake nema ba. Na gaji, na saba da a tambaye ni ko muna da mota a ƙasarmu. Abin da ban saba da shi ba shi ne 'yata ta zauna a mota a High Point Road, ta tambaye ni da Turanci ko Kaka ƙarya yake yi. Tun ranar ta cire hotonsa daga ɗakinta.

Roƙona biyu ne. A soke kalmar ƙirƙira daga takardarta. Sannan a gaban ajin da aka yi mata dariya, a ba ta dama ta karanta abin da ta rubuta, malama ta nuna Burma a taswira, ita kuma Rabi ta faɗi sunan yadda kakanta yake faɗa.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya raya maka naka, kada ya nuna maka ranar da ɗanka zai ji kunyar ubanka.

Wassalam.

Ilyasu, mahaifin Rabi, ɗan wani ɗan Boma.