Abin Da Inna Ta Cusa a Cikin Bargo

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin maigidan, ya yara? Ina fata ƙafar taki ta yi sauƙi.

Bargon Inna ya iso lafiya. Na san da ƙyar kika ba ni aronsa, don tun da zanenki mai ruwan bula ya ɓace muna 'yan mata kike mini kallon mai ɓarna. Na rantse har na gaji ban ɗauka ba. Wannan dai ba zan sa masa almakashi ba, tsarinsa kawai zan kwaikwaya in ɗinka wa jikata.

Na shimfiɗa shi a teburin yanka, kwana uku ina kallo, aikin mutane na jirana. Ƙyalle ɗari da sittin, duk ɗinkin hannu, ba wanda ya karkace! Na gane rigar aikin Baba, na gane labulen ɗakinmu. Amma kusurwa ɗaya ta fi sauran tauri, kuma a nan Inna ta ninka zare, ɗinkin ya yi cunkus kamar ana korarta. Me ta cusa a ciki? Ba auduga ba ce, na lallatsa na ji.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ki zauna kafin ki karanta.

Na karya alkawari. Jiya da hantsi na ɗauki reza, wai zare uku kawai zan tsinke in leƙa. Kin san halina, uku suka zama talatin.

Zanenki ne a ciki, Yaya. Mai ruwan bular, an ninke shi huɗu. A tsakiyarsa ga ƙunar dutsen guga nan, shacin dutsen ya fito sak har da tsininsa. A lokacin kuwa ba mai taɓa dutsen nan sai Inna.

Na yi dariya har maƙwabciyata ta leƙo. Daga baya na zauna a gaban keken ɗinki ina hawaye. Wata guda kika yi ba kya mini magana, Inna tana ji tana gani, tana ta ɗinkinta. Ashe ita ma tsoron bakinki take ji! Na yi fushi da ita, kuma wallahi ban taɓa jin kewarta kamar jiya ba.

Ban mayar da ɗinkin ba. Idan na rufe za ki ce ƙirƙira na yi, kuma bargon naki ne. Ki zo ki gani da idonki, ki yi mini faɗan rezar, na cancanta. Na zanen kuwa, shekara talatin da huɗu ke nan ina jiran kalma ɗaya daga bakinki.

Sai na gan ki.

Ƙanwarki da ba ta ɗauka ba,
Auta